Colin Archer, Maƙerin da Ya Karanci Halin Ƙanƙara

Idan ana tarihin binciken ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, sunayen da suka fi fitowa su ne Fridtjof Nansen da Roald Amundsen. Ba kasafai ake tuna mutumin da ya ƙera jirgin ruwan da ya kai su ya kuma komo da su lafiya ba. Shi ne Colin Archer, kuma a ganina rayuwarsa tana da abin da za ta faɗa mana, duk da cewa teku ta yi mana nisa.

An haife shi a garin Larvik na ƙasar Norway ranar 22 ga Yuli, 1832. Iyayensa mutanen Sikotland ne da suka yi ƙaura zuwa can a 1825. Yana saurayi ya bi 'yan'uwansa zuwa Ostireliya, inda suka yi kiwo da noma a yankin Queensland, sai a 1861 ya komo gida. A Larvik ya duƙufa kan karanta rubuce-rubucen masana ƙirar jiragen ruwa, yana gwada abin da ya karanta a kan katako, har ya zama gwanin da ƙasa ta san da zamansa. Kafin ya ajiye aiki a 1909 ya ƙera jirage fiye da 200.

Kafin mu shiga labarin jirginsa mafi shahara, ya kamata mu daidaita fahimta a kan kalma guda. Ni mutumin Ƙetare ne, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, amma ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan zubo da damina ta farfasa ganyen dawa, ko wadda ake sanyaya ruwa da ita lokacin azumi. Ƙanƙarar Tekun Aktik wata aba ce daban. Teku ce sukutum ta daskare, kaurinta ya kai mita biyu ko uku, kuma ba a tsaye take ba. Iska da igiyar ruwa suna tura manyan falalenta, su haɗu, su matse duk abin da ya shiga tsakaninsu.

Haka ta faru da jirgin Amurka mai suna Jeannette, wanda ƙanƙara ta murƙushe a arewacin Siberiya a 1881. Cikin mutum 33 da ke cikinsa, 20 ba su komo gida ba. Bayan shekara uku, a 1884, aka tsinci tarkacen kayansa a gaɓar Girinland, wato can ɗaya ɓangaren tekun. Daga nan Nansen ya gane cewa ƙanƙarar tana tafiya ne ta ratsa tekun. Sai ya yi shawarar shigar da jirgi cikinta da gangan, ya bari ta daskare da shi, ta ɗauke shi ta kai shi inda take zuwa. Manyan masana na lokacin, irin su Adolphus Greely na Amurka, sun ɗauki wannan a matsayin jefa rai cikin halaka.

Archer ya karɓi aikin. Sanin da ya yi cewa babu katakon da zai iya ja da ƙarfin daskararriyar teku, sai ya nemi yadda jirgin zai zame mata. Ya yi wa gindinsa siffar ƙwarya, babu kusurwa, babu wurin kamawa, ta yadda idan ƙanƙara ta matso daga gefe biyu sai jirgin ya sulluɓe ya yi sama, kamar ƙwallon mangwaro a hannun yaro. Tsawonsa mita 39 ne, faɗinsa mita 11, wato gajere ne mai ƙiba. Kaurin bangonsa ya kai santimita 60 zuwa 70, an lulluɓe wajensa da wani itace mai tauri na Kudancin Amurka da ake kira greenheart, an kuma tokare cikinsa da ginshiƙai ta kowace fuska. Farfelarsa da allon da ke juya akalarsa ana iya janye su sama kada ƙanƙara ta karya su. An jera gashin dabbobi da ɓawon itace a bangon ɗakunan kwana don riƙe ɗumi, aka kuma kafa fanka mai juyawa da iska don samar da lantarki a watannin da rana ba ta fitowa.

An saukar da shi ruwa a watan Oktoba na 1892, aka raɗa masa suna Fram, wato gaba. Ya tashi a watan Yuni na 1893 da mutum 13, ƙanƙara ta kama shi a watan Satumba, ba ta sake shi ba sai Agusta na 1896. Ta matse shi ba sau ɗaya ba, shi kuwa sai ya ɗaga sama kamar yadda maƙerinsa ya tsara, kuma duk mutanensa sun komo da ransu. Bayan haka Otto Sverdrup ya yi tafiyar shekara huɗu da shi daga 1898 zuwa 1902, sannan Amundsen ya tafi da shi Antaktika, a tafiyar da ya taka ƙuryar kudu ranar 14 ga Disamba, 1911. To, amma kowane gwani da nasa cikas. Wannan gindin ƙwarya ya sa Fram yana tangaɗi a buɗaɗɗiyar teku har matuƙansa su galabaita. Archer ya san da haka, ya zaɓi ya biya wannan farashi domin ya san aikin da aka yi jirgin dominsa.

Don a gane darajar wannan zaɓi, a dubi Endurance. An ƙera shi a Norway a 1912 da nufin kai attajirai yawon buɗe ido a gefen ƙanƙara, kafin Ernest Shackleton ya saye shi. Jirgi ne mai ƙarfi, amma ba a yi masa siffar zamewa ba. Da ƙanƙara ta matse shi a Tekun Weddell a 1915 sai ya wargaje ya nutse, ba a ga gawarsa ba sai a 2022. Jiragen yawon buɗe ido na zamani da ƙarfe ake yin su, duk da haka Explorer, wanda aka ƙera a 1969 musamman don kai masu yawo Antaktika, ya nutse a 2007 bayan ƙanƙara ta huda shi, ko da yake an ceto duk mutum 154 da ke ciki. Daga 1 ga Janairu, 2017 ne dokar duniya ta jiragen da ke shiga waɗannan tekuna ta fara aiki, wadda ta wajabta a auna ƙarfin kowane jirgi da irin ƙanƙarar da zai shiga. Abin da Archer ya yi da basirarsa ke nan tun 1892.

Sai dai a wurina babban aikinsa ba Fram ba ne. A zamaninsa masunta da matuƙan Norway suna halaka a teku duk shekara cikin ƙananan kwale-kwale masu buɗaɗɗen sama. Archer ya fito da ƙirar jirgi mai rufi, mai nauyi a gindi, wanda ke da wuyar kifewa. A 1893 ya ƙera wa ƙungiyar ceto ta ƙasar jirginta na farko, wanda aka sa wa sunansa. Shekara guda bayan haka jirgin ya ceto fiye da mutum 30 a cikin guguwa a Hamningberg, kuma an daɗe ana bin wannan ƙira.

A nan ne maganar ta zo gida. A watan Mayu na 2021 jirgin katako ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi da ɗimbin 'yan kasuwa. A watan Nuwamba na shekarar wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya. Mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, amma ƙaddara ba ta hana ɗaure raƙumi. Muna da masassaƙa a Yawuri da sauran garuruwan bakin kogi waɗanda suka san ruwansu kamar yunwar cikinsu, muna kuma da injiniyoyi a jami'o'inmu. Abin da muke buƙata shi ne su zauna tare su fitar da ƙirar da ta dace da kogunanmu da irin lodin da ake yi musu, gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin gwajin, a kuma tsayar da adadin da kowane jirgi zai ɗauka.

Colin Archer ya rasu a Larvik ranar 8 ga Fabrairu, 1921, yana da shekara 88. Fram kuwa yana nan a gidan tarihin da aka gina masa a Oslo, wanda aka buɗe a 1936. Allah Ya ba mu masu sana'ar da za su karanci halin ƙasarmu kamar yadda ya karanci halin tasa, Ya kuma ba mu shugabannin da za su saurare su.