Alhaji Abubakar Imam, Mai Aku (1911–1981)

A duk lokacin da hira ta kai mu ga karatun ƙuruciya a ɗakin kwanan ɗalibai, gardama ce ke tashi. Wannan ya ce babu kamar Tintin, wancan ya ce Planète Enfants, wanda ya ɗan girme mu kuma ya tuno da tsofaffin mujallun Kouakou da ya tarar a akwatin yayansa. Ni kuwa sai in yi shiru, domin a ƙauyenmu, cikin ƙasar Garagumsa, littafin hotuna bai cika isowa ba. Abin da ya iso shi ne wani tsohon Magana Jari Ce na ɗaya, wanda kawuna ya sayo a Kano, ya biyo da shi ta Daura da Matamai har Takeita. Bangonsa ya cire, gara ta ci gefensa, kuma ganyayensa na ƙarshe sun ɓace tun kafin a haife ni. A lakwal da Faransanci ake koya mana komai, saboda haka a cikin wannan littafi na fara ganin harshen da nake magana da mahaifiyata a rubuce. Marubucinsa nake so in ba da tarihinsa a nan.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a Kagara, wadda a yau take cikin jihar Neja ta Nijeriya. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, asalin gidansu daga Barno. Ya fara da karatun allo da littattafan Larabci a gida, sannan aka kai shi Katsina wurin yayansa Malam Bello Kagara, ya shiga makarantar boko. Daga 1927 zuwa 1932 yana Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai aka ba shi koyar da Turanci a makarantar Midil ta Katsina. Wannan haɗuwa ta Larabcin zaure da Turancin aji a kan harshe guda ita ce jarin da ya yi ta juyawa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka mayar Hukumar Talifi, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Abin bai zo da sauƙi ba. A wurin malaman wancan zamani alƙalami na addini ne da shari'a da waƙar wa'azi, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara, da dare ake yin ta. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yana da shekara 22. Wato gida ɗaya ya kawo biyu daga cikin biyar.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bazama duniya neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Wanda ya san Maƙamatul Hariri zai ji ƙamshinta a cikin wannan kai-komo na shaƙiyyai biyu masu baki. East ya ga abin da yake nema, sai ya roƙi a ba shi aron matashin malamin. A 1936 Imam ya yi wata shida a Zariya, an tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana karantawa yana rubutu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Ginin littafi na ɗaya kowa ya san shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makircin fitar da yaron don a halaka shi, wani aku da aka saya daga hannun Balarabe kuma yana tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. A na biyu akun yana gasa da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku yana horon ɗansa Fasih. Dabarar aku mai jinkirta fita da labari tsohuwa ce, daga Indiya ta fito ta bi ta Farisa, kamar yadda wasu labaran suka fito daga Alfu Laila, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na ƴan'uwan nan Grimm.

A nan ne wasu ke cewa ai Imam bai ƙaga komai ba, kwasowa ya yi. Na taɓa riƙe wannan ra'ayi na ɗan lokaci, a shekarar da na gano cewa Kalalatu, matar nan da ta cinye kajin baƙo sannan ta tsorata shi da cewa mijinta kunnuwansa zai yanke, asalinta wata kuku ce a littafin Grimm, Sarkin Busa kuma mai sarewar nan ne na garin Hamelin. Na ji kamar an yi mini sata a cikin ƙuruciyata. Amma da na ajiye labaran biyu gefe da gefe, sai fushin ya wuce. A wajen Grimm kuku ce da ubangidanta. A wajen Imam miji ne da mata, da al'adar karɓar baƙo, da kunyar da ke kama maigida idan tukunyarsa ta ba shi kunya a gaban mutum. Ƙashin labarin na aro ne, amma abin dariyar ya koma inda Bahaushe ke dariya. Shekara nawa muka yi muna sauraron kawu yana karanta mana shi a gindin fitila, babu wanda ya taɓa zargin Kalalatu ba maƙwabciyarmu ba ce.

Ga ɗalibin ilimin harshe, abin lura ya wuce nan. Kafin Imam da tsararrakinsa, rubutun zube na hira bai kafu a Hausa ba. Shi ya nuna yadda za a ɗauko tafiyar maganar baka, da jerin aikatau da ake ɗaurawa da sai, da amsa-kama, da karin magana da ake sakawa a bakin mai magana maimakon a rataya ta a ƙarshe, a zuba su a takarda ba tare da sun mutu ba. Jimlolinsa dogaye ne amma numfashi ɗaya suke ci, shi ya sa suke daɗin karantawa a bayyane. A waɗannan shekaru ne kuma ofishin East ya tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, aka kuma fifita karin Kano a matsayin ma'auni. Wannan fifiko yana da kuɗinsa, mu muka san shi. Yaron Damagaram da ke cewa tahi sai ya ga tafi a rubuce, ya fara tsammanin bakin gidansu ne ke da kuskure. Ban ɗora wa Imam wannan laifi ba, amma littafinsa na daga cikin manyan motocin da suka kawo ma'aunin har ƙofarmu, tun kafin taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 su zauna kan daidaita rubutun ƙasashen biyu.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa, ya kuma riƙe ta har shekara goma sha biyu. Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗo a farkon aikin, sai ya zama dole a bayyana wa manomi da ɗan kasuwa ƙasashe da makamai da siyasar da ba su da suna a harshensu. Aikin da muke kira ƙirƙirar kalmomi a aji, shi a bakin injin buga jarida ya yi shi. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, bisa ganin cewa ba a shawarci Arewa ba kuma ba ta shirya ba. Masu suka sun ɗauke shi ɗan lelen Turawa saboda haka. Sai dai a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, ya kuma bi shi da wasiƙu yana zayyana masa illolin mulkin En'e da yadda ake danne matasa masu ilimi. A ganina mutum ne mai son gyara daga cikin gida, da irin ribar wannan hanya da irin hasararta. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ya taɓa siyasa, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna majalisa a Kaduna da Legas a farkon shekarun 1950, sannan ya bar ta. Ya yi aiki da hukumar NORLA mai buga littattafan yaƙi da jahilci, ya kuma daɗe a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Bai daina rubutu ba: akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka yi da East kan halittu da kimiyya, da littattafan tarihin Musulunci. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Zariya ranar Juma'a, 19 ga Yuni, 1981. Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, a 1989 kuma aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

A nan Nijar, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram aka buɗe ta a 1973, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka, in ka tambayi yaron firamare a Garagumsa wane littafin labari ya taɓa karantawa da Hausa don jin daɗinsa, da wuya ya ambaci ko ɗaya. Ni kaina sai da na shigo jami'a na sami cikakken littafi na ɗaya a hannun wani mai baza littattafai a bakin kasuwa. A tsaye na karanta ganyayen da suka ɓace daga na kawu, a nan na san cewa Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, kuma akun aka naɗa a madadinsa.