William Shakespeare: Ɗan Badukun Da Ya Ƙaga Labarin Omkara

Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya Omkara na 2006 cikin jama'a ya ji yadda ake tsine wa Langda Tyagi, gurgun munafukin da ya zuga ango har ya kashe amaryarsa. Mu ma nan Libreville ba mu raga masa ba. To amma asalin labarin wasan Othello ne na William Shakespeare.

An haife shi a garin Stratford na Ingila a 1564, ɗan baduku mai ɗinka safar hannu. Bai je jami'a ba. Yana shekara 18 ya auri Anne Hathaway, suka haifi 'ya'ya uku, sannan ya nufi Landan, inda ya riƙa rubuta wasan kwaikwayo yana kuma fitowa a ciki.

Ya rasu a 1616. Ba don abokan sana'arsa biyu sun tattara wasanninsa 36 sun buga a 1623 ba, da Macbeth, wanda ya zama fim ɗin Maqbool, ya salwanta. Haka ma wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu.