Theodore Roosevelt: Mafaraucin da ya ɗaure wa dokar gandun daji gindi

A watan Maris na 1894 aka kama wani mafarauci mai suna Edgar Howell a cikin gandun dajin Yellowstone na Amurka yana feɗe ɓaunar da ya harbe. Shekara 22 ke nan da keɓe gandun, amma dokar da ta kafa shi a 1872 ba ta tanadi hukunci ba. Abin da masu gadi za su iya bai wuce su ƙwace kayan mutum su kore shi ba. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an gyara wannan doka har da wata ƙungiyar mafarauta, Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 tare da George Bird Grinnell. Kafin watan Mayu ya ƙare Majalisa ta zartar da dokar da ta sa tara da ɗauri a kan mai farauta a gandun.

An haifi Roosevelt a New York ranar 27 ga Oktoba, 1858, a gidan wadata, ya kuma tashi da ciwon asma. Ranar 14 ga Fabrairu, 1884, mahaifiyarsa da matarsa suka rasu a gida ɗaya. Sai ya koma yankin Dakota ya rungumi kiwo. A can ya ga yadda aka kusa ƙarar da ɓauna, ya ga makiyaya ta ƙare saboda yawan dabbobi, sannan tsananin sanyin 1886 zuwa 1887 ya halaka masa shanu masu yawa.

Ya zama shugaban ƙasa a 1901 yana da shekara 42, bayan kisan William McKinley. Dabararsa ita ce ya nemi ƙaramar kafa a cikin doka ya faɗaɗa ta. A 1903 ya keɓe tsibirin Pelican a Florida don tsuntsaye da umarnin shugaban ƙasa kawai. Babban makaminsa ya zo hannu ranar 8 ga Yuni, 1906, lokacin da ya sa hannu a dokar kare kayayyakin tarihi. An tsara ta ne don hana wawure kufan mutanen da, amma ta bai wa shugaban ƙasa ikon keɓe filin gwamnati ba tare da ya koma Majalisa ba, muddin bai wuce mafi ƙarancin faɗin da ake bukata ba. Da wannan sharaɗin ne, abin mamaki, ya keɓe fiye da eka 800,000 na kwazazzabon Grand Canyon a 1908.

'Yan majalisar jihohin yamma, inda ake cin abinci da katako da ma'adinai da kiwo, ba su ji daɗi ba. A 1907 suka cusa wani sashe a dokar kasafin aikin gona, wanda ya hana shi kafa sabon gandu a jihohi shida. Bai ƙi sa hannu ba. Sai dai kafin ya sa, shi da Gifford Pinchot, shugaban hukumar gandun daji, sun riga sun keɓe eka miliyan 16 a waɗannan jihohi. Wannan wayo ne, kuma duk mai ƙyamar shugaba ya zagaye majalisa yana da dalilin ɗaure fuska. Jimillar abin da ya kare ta kai kusan eka miliyan 230.

Filayen nan kuwa ba kango ba ne. Roosevelt ya raina ƙabilun asalin ƙasar, bai kuma ɓoye ba, dokokin zamaninsa ba su nemi jin ta bakinsu ba. Ƙabilar Havasupai ta Grand Canyon sai a 1975 aka mayar mata da kusan eka 185,000 na ƙasar kakanninta. Shi kansa bai ajiye bindiga ba: da ya sauka a 1909 ya nufi gabashin Afirka, inda shi da ɗansa suka kashe manyan namun daji fiye da 500 kafin su ɓullo Khartum.

Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1919. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin keɓe Grand Canyon. Sai dai dokar 1906 ba ta fayyace ko wani shugaba na iya rage abin da na gabansa ya keɓe ba. Obama ya keɓe yankin Bears Ears a jihar Utah a 2016 bisa roƙon ƙabilu biyar, Trump ya zaftare kusan kashi 85 cikin ɗari a 2017, Biden kuma ya mayar da shi a 2021.