Tarihin Marigayi Umaru Ganda, Ɗan Dakon da ya Zama Tauraron Fim

Idan aka yi maganar fim a wannan yanki namu, hankalin ɗalibai yakan tafi Kano ne kai tsaye. To amma tun kafin a fara finafinan bidiyo na Kano, maƙwabciyarmu Nijar ta riga ta fitar da ɗan wasan da duniya ta san da zamansa. Wannan mutum shi ne Umaru Ganda, wanda a rubutun Faransanci ake rubuta sunansa Oumarou Ganda.

An haife shi a birnin Yamai a shekarar 1935, kuma shi Bazabarme ne. Yana da shekara 16 kacal ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙi a yankin Indocina, wato Biyetnam ta yau da maƙwabtanta. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, sai ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa.

A nan ne ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai binciken al'adu da shirya finafinai, wanda ke nazarin rayuwar 'yan Nijar mazauna can. Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na shekarar 1958, ma'ana Ni, Baƙar Fata. Ganda ya fito a matsayin ɗan dako, wato ainihin sana'arsa, amma da laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka. Abin da ya kamata mu ɗaliban harshe mu lura da shi a nan shi ne yadda aka yi muryar fim ɗin. An ɗauki hotunan ne ba tare da sauti ba, daga baya aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana da ka. Yana ba da labarin yunwarsa, da burinsa, da yaƙin da ya gani, cikin Faransancin talakawan unguwar Treichville. A ganina wannan ba shi da maraba da aikin mai ba da labari a dandali, sai dai an haɗa shi da na'ura. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa.

Duk da haka, fim ɗin na Rouch ne. Ganda ya koma Yamai, ya koyi aikin shirya fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, sannan ya fito da nasa mai suna Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 1969. Shi ya tsara labarin, shi ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin tsohon sojan da ya dawo daga Indocina da kuɗi, abokai da mata suka taya shi cinyewa, suka watse suka bar shi. Wannan karon da Zabarmanci ya yi magana, kuma labarin a hannunsa yake.

Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou Polygame, ya taɓo inda ke wa jama'a ƙaiƙayi. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, a matsayin mata ta uku, har kishi ya kai ga zubar da jini. Da shi Ganda ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, a shekarar 1972. Bayansa ya yi Saïtane, kan wani malamin tsibbu mai cin amana, sai kuma L'Exilé a 1980.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 1 ga Janairu, 1981, bai kai shekara hamsin ba. An sa sunansa a wata cibiyar al'adu da ke Yamai, haka kuma FESPACO ta ware kyauta da sunansa domin wanda ya fi ƙwazo a cikin masu fitar da fim ɗinsu na farko. Allah ya jiƙansa da rahama.