Ibrahim Njoya na Fumban: mai zanen da sunan sarki ya rufe nasa

A wasu gidajen tarihi na Turai akwai manyan takardu da suka fito daga Fumban, a yammacin Kamaru. An jera sarakunan Bamun a kansu gida-gida, kowane sarki da sunansa cikin wani rubutu wanda ba boko ba, ba kuma ajami ba. Mai kallo in ya ga an ce Ibrahim Njoya ne ya zana, sai ya ɗauka Sarki Njoya ake nufi, wanda ya ƙirƙiro rubutun Bamun. Alhali mutum biyu ne masu suna ɗaya, a fada ɗaya, a zamani ɗaya. Ɗaya sarki ne. Ɗayan kuwa ɗan'uwansa ne kuma mai yi masa aikin alƙalami, wanda masana da dama ke ɗauka a matsayin mafarin zanen zamani a Kamaru.

An haifi Ibrahim Njoya mai zane a Fumban wajajen 1890, cikin dangin sarauta, a lokacin da masarautar ke tangal-tangal. Sarki Nsangu ya mutu a yaƙi da mutanen Nso, suka tafi da kansa. Ɗansa Njoya yaro ne, don haka mahaifiyarsa Njapdunke ta riƙe masa ƙasa. Da wani babban bafade mai suna Gbetnkom ya yi tawaye, sai matashin sarkin ya aika neman gudummawa wurin Lamiɗo Umaru na Banyo. Mahayan Fulani suka sauko daga Adamawa, suka murƙushe tawayen.

Wannan taimako ya buɗe ƙofar arewa. Dama fataken Hausawa sun san hanyar Fumban saboda goro da hauren giwa, amma daga nan ne malamai suka samu wurin zama kusa da sarki. Babbar riga da rawani suka shiga fada, haka ma takarda da tawada da littattafan Larabci. A cikin wannan gida Ibrahim ya yi wayo.

Wajajen 1896 Sarki Njoya ya fara aikin samar wa harshensa rubutu. Tsarin farko yana da alamomi kusan 500, kuma yawancinsu hotunan abubuwa ne, wato a zana abu don ya tsaya a madadin kalma. Aka yi ta tacewa har zuwa wajajen 1910, lokacin da suka ragu zuwa 80, a tsarin da ake kira a-ka-u-ku. Ke nan a fadar Fumban rubutu da zane tare aka haife su, kuma duk yaron da ya koyi ɗaya ya riga ya sa ƙafa cikin ɗayan. Ibrahim na cikin waɗanda suka ƙware a wannan rubutu, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen aikinsa.

Jamusawa sun iso Fumban a 1902. A 1906 'yan mishan na Basel suka kafa sansani da makaranta, sarki kuma ya bari yaran fada su shiga. Ibrahim ya yi karatu a can, aka yi masa baftisma a 1910 da sunan Johannes Yerima. Wannan suna na biyu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa ko Yola, kuma shi kaɗai ya isa ya nuna yadda kalmomin sarautar arewa suka riga suka zauna a bakin Bamun. Turawan sun zo da abin da ya fi tasiri a idonsa, wato hoto. Malamar mishan Anna Wuhrmann ta ɗauki hotunan sarki da matan fada masu yawa, Marie Pauline Thorbecke kuma, wadda ta zo a 1912, ta yi zane da fenti a garin. Sarki Njoya da kansa mai son tsayawa gaban kyamara ne, yau cikin kaki irin na hafsan Jamus, gobe cikin riga da rawani.

A 1912 ɗin ne sarki ya tura ayarin mutane kimanin 60 su zaga ƙasar Bamun, suna rubuta sunayen garuruwa da koguna da duwatsu, suna auna nisa da tsawon tafiya. Aka sake fita a 1920. Daga nan aka samu taswirar da ake kira Lewa ngu, littafin ƙasa. Ibrahim na cikin waɗanda suka mayar da waɗannan bayanai zane. A kan taswirar an kumbura birnin Fumban da ganuwarsa fiye da ƙima, ya mamaye tsakiya. Mai aunon ƙasa na Turai zai kira wannan kuskure, amma mutanen da suka zana sun san abin da suke nufi.

Sai yaƙin duniya na farko ya iso. Garwa ta faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa a watan Yunin 1915, Banyo a Nuwamba, Fumban a Disamba. Aka kwashe 'yan mishan na Jamus, a 1916 kuma yankin ya koma hannun Faransa. A wannan tsakani ne Johannes Yerima ya koma Musulunci, ya zama Ibrahim. A 1917 sarki ya fara gina sabuwar fadarsa ta jan bulo mai hawa uku, wadda ke tsaye har yau.

Faransawa ba su yi jituwa da Sarki Njoya ba. Sun gan shi a matsayin mutumin Jamus, suka jawo tafintansu Mosé Yeyap, wanda shi ma ɗan dangin sarauta ne, suka ɗaga shi. A 1924 suka rage wa sarki iko, suka raba ƙasar ga hakimai. Makarantun da ake koyar da rubutun Bamun suka mutu. A 1931 aka kai sarki Yawunde, ya rasu a can a 1933.

A waɗannan shekaru na faɗuwa ne hannun Ibrahim ya fi nuna kansa. Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne jerin sarakuna, tun daga Nchare Yen wanda ya kafa masarautar har zuwa Njoya, sarki na 17, daga baya kuma har da magajinsa Seidou Njimoluh. A nan akwai matsalar da ba kowa ke lura da ita ba. Njoya yana da hotuna birjik, amma sarakuna 16 da suka gabace shi babu wanda kyamara ta taɓa gani. Dole mai zane ya nemo musu fuska daga abin da tsofaffi ke faɗi, da irin hula da wuri da tsakiya da makaman da aka adana a fada. Mbuembue, jarumin da ya faɗaɗa ƙasar zuwa kogunan Mbam da Nun, labari ya ce ƙato ne, haka kuwa ya fito a takarda. Idanun mutanensa manya ne, a buɗe, irin na fuskokin da masassaƙan Bamun ke yi, amma zaman jiki da fuskantar mai kallo na hoton kyamara ne. Shi kuwa Njoya sau da yawa yakan fito cikin riga mai aiki da rawani, yadda in ba don rubutun da ke gefe ba sai a ce wani lamiɗo ne. Abin da ya faru daga baya shi ne fuskokin da Ibrahim ya ƙaga sun zama su ne fuskokin sarakunan a idon jama'a, masu zanen Fumban na ta kwaikwayonsu.

Kayan aikinsa ba su da yawa: fensir, tawada, fensiran launi, takarda. Inda ya fi ɓata lokaci shi ne gefen shafi. Yakan kewaye hoto da layi-layi na ado, yana ɗauko alamomin Bamun kamar gizo-gizo, maciji mai kai biyu da kuge, ya sarrafa su har su zama zubi mai maimaituwa. Wanda ya saba ganin zayyanar Alƙur'ani rubutun hannu, ko aikin wuyan riga na maɗinkan Hausa, zai ji kamar ya san wannan hannu. Akwai shafukan da babu mutum ko ɗaya a cikinsu, ado ne zalla a jere, kamar kundin da aka tanadar wa masassaƙa da masu ɗinki.

Ya zana yaƙe-yaƙe da bukukuwan fada da hijirar Nchare. Ya kuma ɗauki tatsuniyoyin dabbobi ya raba su gida-gida, hoto na bin hoto, da bayani cikin rubutun Bamun. Saboda waɗannan ne masu binciken tarihin abin da ake kira bande dessinée da Faransanci, wato labari cikin zane, ke sa shi cikin na farko-farko a Afirka. A lokacin da hukuma ta daina ba rubutun sarki muhimmanci, shi ya ci gaba da sa shi a kan takardunsa, har waɗanda zai sayar wa baƙon da ba zai iya karanta ko harafi ɗaya ba.

Masu sayen kuwa galibi Turawa ne: fastoci, jami'an mulki, matafiya. Wannan ya ba shi abin rufin asiri bayan fada ta daina ciyar da masu sana'a kamar da, amma kuma shi ya sa aikinsa ya watse. Wani kaso mai kyau yana gidan tarihin al'adu na Geneva a Suwizalan, ta hannun Fasto Jean Rusillon. A 1997 an yi baje kolin zanen Bamun a Marseille. Shi dai ya rasu cikin shekarun 1960, bayan Kamaru ta samu 'yancin kai ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa.

Rubutun da ya riƙe ya shiga tsarin Unicode a 2009, yanzu ana iya buga shi a kwamfuta. Fumban na da makarantar koyon zane da sassaƙa ta jami'ar Dschang, a 2024 kuma aka buɗe sabon gidan tarihin sarakunan Bamun kusa da fada, an gina shi da siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a samansa. Matashin da ke zana allon shagon aski ko bayan babbar mota a Garwa, in yana son ganin aikin Ibrahim Njoya, zai fi saurin samunsa a wayarsa, muddin ya ƙara kalmar dessinateur a bayan sunan. In bai ƙara ba, sarkin ne zai fito.