Waliyyi Kamilus na Lelis, Waliyyin Ma'aikatan Jinya

Ran 14 ga watan Yuli na kowace shekara, Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Kamilus na Lelis. Ya dace mu san tarihinsa, domin babu gidan da ciwo ba ya shiga, kuma babu ɗayanmu da ba zai wayi gari wata rana a hannun mai jinya ba.

An haife shi a shekarar 1550 a garin Bukiyaniko, cikin ƙasar Italiya. Mahaifinsa soja ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun yana yaro. Ya tashi dogo ƙaƙƙarfa, mai saurin fushi. Ya bi sawun mahaifinsa ya shiga soja, ya yi wa birnin Benis yaƙi da Turkawa. A can ne caca ta kama shi, har ta cinye masa dukan abin da ya mallaka. Ban da wannan, ga wani gyambo a ƙafarsa wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. A 1571 ya shiga asibitin San Jakomo a Roma neman magani, yana aiki a madadin kuɗin jinya, amma aka kore shi saboda faɗa da caca.

Da talauci ya ishe shi, sai ya kama aikin lebura a wurin ginin 'yan zuhudu na ƙungiyar Kafucin a garin Manfaredoniya. A nan ne ya tuba, ran 2 ga Fabrairu 1575. Ya so ya zama ɗaya daga cikinsu, amma gyambon ya hana. Saboda haka ya koma San Jakomo, inda aka taɓa korarsa, ya yi aiki da aminci har aka ɗora shi a kan shugabancin gidan.

Abin da ya gani a can shi ne ya sauya rayuwarsa. Masu jinya na wancan zamani 'yan ƙwadago ne marasa horo. Sukan bar majinyaci kwance cikin ƙazantarsa, ko ya kwana da ƙishirwa babu mai ba shi ruwa. Kamilus, wanda shi kansa ya taɓa kwanciya a gadon, ya gane cewa sakaci yakan kashe mutum kamar yadda cuta take kashewa. Ya ƙudura tara mutanen da za su kula da marasa lafiya kamar yadda uwa take kula da ɗanta tilo. Ya koma makaranta yana da shekara 32, ya zauna cikin yara yana koyon Latin, aka naɗa shi firist a 1584. Paparoma Siktus na Biyar ya amince da ƙungiyarsa a 1586, ya ba su izinin ɗinka jan gicciye a ƙirjin rigarsu. A 1591 Paparoma Giregori na Goma Sha Huɗu ya ɗaga ta zuwa cikakkiyar ƙungiyar zuhudu. Ban da alkawura uku da aka saba, 'yan ƙungiyar sukan ɗauki na huɗu: su yi wa mara lafiya hidima ko da za su rasa ransu.

Mu lura da kyau, Kamilus bai tsaya ga tausayi kawai ba. Ya rubuta dokokin aiki a 1584, ya kuma rubuta wasu a 1613 domin babban asibitin Milan. Ya bukaci mai jinya ya kasance a wurin lokacin da likita yake zagayen duba majinyata, ya riƙe umarninsa daidai, ya lura da abin da mara lafiya ya ci da yadda ya kwana, ya kuma sanar da likita. Ya koya wa 'yan'uwansa gyaran gado, da wanke bakin majinyaci, da ciyar da wanda ba ya iya ɗaga hannu. Ya dage kan tsabta da iska mai kyau a ɗakuna. Da ya ga ana gaggawar ɗauke mutane tun ba a tabbatar da mutuwarsu ba, sai ya umarta a dakata minti 15 bayan numfashin ƙarshe, kada a binne mai sauran rai.

Alkawari na huɗu bai zama maganar baki ba. A Nafoli, inda suka buɗe gida a 1588, 'yan'uwansa sun shiga jiragen ruwa masu ɗauke da annoba, wasunsu suka kamu suka mutu. A 1595 ya aika da wasu filin yaƙi a ƙasar Hungari domin jinyar sojojin da suka ji rauni. A Kirsimeti na 1598, da kogin Taiba ya yi ambaliya ya shiga asibitin Santo Sifirito, shi da abokansa suka kwana suna ɗaukar majinyata zuwa bene, duk da ciwon ƙafarsa.

Ya sauka daga shugabanci a 1607, ya ci gaba da aikin gefen gado. Ya rasu a Roma ran 14 ga Yuli 1614. Paparoma Benedik na Goma Sha Huɗu ya sa shi cikin waliyyai a 1746. Paparoma Liyo na Goma Sha Uku ya mai da shi waliyyin marasa lafiya da asibitoci a 1886, tare da Waliyyi Yohanna na Allah, sa'an nan Paparoma Fiyus na Goma Sha Ɗaya ya ƙara musu ma'aikatan jinya a 1930.

'Yan'uwa, a asibitocinmu ba nas kaɗai ke jinya ba. Uwa da mata da ƙanne su ne suke kwana a gefen gado. Darasin Kamilus namu ne duka: mu wanke hannu kafin mu taɓa mara lafiya, mu ba da magani a kan lokacinsa kamar yadda likita ya faɗa, mu riƙa juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi miki, mu kuma sanar da nas nan da nan idan mun ga canji. Ƙaunar da ba ta da lura ba ta isa ceton rai ba.

Waliyyi Kamilus, ka yi addu'a domin majinyatanmu da masu jinyarsu.