Tarihin Ibnun Nafis, Likitan Da Ya Gyara Wa Magabata

Sunansa Ala'uddini Aliyu ɗan Abil Hazmi, amma an fi saninsa da Ibnun Nafis. An haife shi a ƙasar Sham wajen shekarar 1210 Miladiyya. Ya koyi aikin likita a birnin Dimashƙa a hannun Shaihu Dakhwar, sa'an nan ya koma Alƙahira, inda ya zama shugaban likitocin Masar. Bayan likitanci kuma malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i, har ya yi talifi a kan ilmin Hadisi.

A wancan zamani maganar Jalinusu Bayunane da ta Ibnu Sina su ne madogarar likitoci. Sun tafi a kan cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta waɗansu 'yan kafofi da ido ba ya gani. Kimanin shekara 1,000 ana karantar da maganar Jalinusu haka.

Da Ibnun Nafis ya zo sharhin littafin Alƙanun na Ibnu Sina a 1242, sai ya bi shi mas'ala mas'ala yana aunawa. Ya bayyana cewa bangon da ya raba sassan nan biyu mai kauri ne, ba shi da kafa ko ɗaya. Jini yakan fita daga dama ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, kana ya komo hagu. Amma gyaran bai hana shi girmama Ibnu Sina ba.

An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa an ba shi shawarar shan giya don magani, ya ƙi. Ya rasu a Alƙahira a 687 Hijira, wato 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

Wannan gyara nasa ya daɗe a ɓoye, sai a 1924 wani likita Bamasare, Muhyiddini Tatawi, ya gano rubutun a birnin Berlin na Jamus.

Yau manyan mujallun likitoci ba sa buga binciken kowa sai takwarorinsa sun tace shi, kamar yadda malaman Hadisi ke tace masu ruwaya. Wanda aka ba rubutu ya duba, amana aka ba shi. In ya kau da kai don jin nauyin marubuci, majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Allah Ya jiƙansa, Ya amfane mu da ilminsa, amin.